Kunkurun da Ke Gefen Sunana

Mijin yayata ya tafi sarin kaya na kwana tara, ya bar mini makullin shagonsa na gem da umarni uku: in share, in karɓi kuɗi, kada in yi tunani. Na kiyaye biyun farko.

Shagon ɗaki ne guda mai tsawo. Talabijin uku a jere a bango, kowacce da na'urar gem ta zamani a ƙarƙashinta, sai benci biyu da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Samari kan zo su buga ƙwallo, su zagi juna, su biya, su tafi. Ni ban taɓa riƙe hannun gem, abin maɓallan da ake bugawa da shi, ba sai in zan goge masa ƙura. Abin da na iya karatu ne. Ban yi dogon zaman aji ba, a jikin kwalayen magani da tsofaffin jaridun naɗe kaya na koya, daga nan na hau littattafai ban sauko ba. Shi ya sa duk layinmu ake kirana Jarida. Su da tsokana suke faɗa, ni kuwa na riƙe sunan kamar takardar shaida.

Daidai tsallaken titi akwai mai gyaran agogo. Saurayi ne mai shiru, yana wuni sunkuye a kan teburinsa na gilashi, da ɗan madubin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Shekara biyu maganarmu ba ta wuce ina kwana da ya aiki ba, amma na karanta littattafan soyayya da yawa, na san irin wannan shirun ba fanko ba ne. Wata rana na ji shi yana gaya wa wani da ya kawo agogon kakansa cewa tsohon abu ba kowa ya san darajarsa ba. Tun daga ranar nake neman hanyar da zai gane ina cikin waɗanda suka sani. Burina bai da yawa: ya tsallako titin nan da ƙafarsa, ya zauna a bencinmu, ya dube ni ya ga mai ilimi.

A rana ta biyu na gano cewa na'urorin suna da kasuwa a cikinsu, inda ake sayen gem ta intanet. Na zauna ina karanta farashi kamar mai karanta labari. Can ƙasa na ci karo da wani gem mai shekara arba'in, sunansa Mai Fitila, irin wanda a da ake tsayawa a gaban babban akwati a jefa kuɗin ƙarfe a buga. Wani ɗan mutum ne da sanda, yana bin titi yana kunna fitilu, jemagu suna kawo masa farmaki. Mutumin ba hanci ba wuya, kala huɗu ne duk duniyarsa. Amma farashinsa ya kusa rabin na sabon gem ɗin ƙwallo, wanda har gumin goshin 'yan wasa ake gani.

Nan fa na yi abin da aka hana ni. Na ce a raina, abin da ya shekara arba'in bai zubar da farashinsa ba, ai zinariya ce. Masu kamfanin ba mahaukata ba ne. Mijin yayata bai gani ba ne saboda ba ya karatu. Na ɗauko kuɗin da nake tarawa don sayen babban ƙamus, na saye Mai Fitila, na ware masa talabijin ta tsakiya, wadda aka fi hangowa daga tsallake. Na rubuta a kwali da manyan baƙaƙe cewa ga tsohon gem na asali, ninki uku na kuɗin ƙwallo, na masu sanin daraja ne kawai. Na jingina kwalin yana kallon teburin agogo.

Baba Mai Aski ne ya fara leƙowa, da almakashi a hannu. Shagonsa na manne da namu, kuma shekara da shekaru yana ba mu labarin yadda ya gagari kowa a wani zauren gem kusa da tashar mota. Da ya ji kiɗan Mai Fitila sai ya tsaya cik, idonsa ya yi laushi. Daga nan ya karanta kwalin, laushin ya gudu.

"'Yar nan, yarintar tawa za ki sayar mini ninki uku?"

Na ce masa ai yarinta ba ta da farashi. Ya ce tasa tana da shi, ƙarfe ɗaya ne, kuma wani lokacin in ka daki gefen akwatin ma yakan dawo maka da shi.

Bayansa Anti Tela ta shigo, da tef ɗin awo a wuya. Ta kalli talabijin ta ce wannan ai yana cikin wata 'yar na'ura ta mijinta, shi da wasu ɗari huɗu, kuma duka kuɗinsu bai kai na ɗinkin riga ɗaya ba. Na gyara tsayuwa na yi mata bayani cewa nata jabu ne, nawa kuwa yana da lasisi.

"To jemagun naki sun fi nawa ƙiba ne?"

Na ce ba a nan darajar take ba. Ta ce in na gano inda take in aiko a kira ta, tana bakin kekenta.

Ranar ba wanda ya buga. Washegari ma haka. Samarin ƙwallo suna layi a kan talabijin biyu suna hararar ta tsakiya, inda ɗan mutumin ke yawo shi kaɗai yana talla. Na koma cikin bayanin gem ɗin na karanta tarihinsa kaf, na gano kuskurena: mutanen da ba da awa suke biya ba, da rai suke biya. Ƙarfe ɗaya, rai uku, in sun ƙare ka matsa. Na goge kwalina na rubuta sabon farashi mai sauƙi, na rai uku.

Mai walda na ƙarshen layi ya zo bayan azahar, ƙato mai baƙin tabarau a goshi. Ya biya sau ɗaya ya zauna, benci ya yi ƙara. Har la'asar yana nan. Ina kallo jemage ya buge ɗan mutumin, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya sake tashi, kamar mai baƙin naci. Na ƙirga mutuwa goma sha ɗaya kafin na matsa na ce masa Yaya, rai uku fa ka saya. Bai ko waiwayo ba. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a tsakiyar hannun gem ɗin, ya danna, sai na'urar ta yi ƙarar faɗuwar kuɗin ƙarfe, ta ƙara masa uku.

"Ni uku na saya," in ji shi. "Sauran ita take ba ni kyauta. Ku sasanta tsakaninku."

Ashe tunda na'urar zamani ba ta da bakin jefa kuɗi, sai masu kamfanin suka mayar da kuɗin maɓalli. Da ya tafi na ɗauko salatif na liƙe maɓallin tam don kada wani ya ƙara taɓawa. Na liƙe shi da kyau har ya danne. Na'urar ta shiga ƙarar kuɗi ba ƙaƙƙautawa, kamar ana juye asusu a faranti, ba ta tsaya ba sai da ta kai casa'in da tara. Samarin ƙwallo suka ce Jarida ta yi arziki, a zo a taya ta kwasa.

Baba Mai Aski ya ji tausayina, ya ba ni shawara kyauta, wadda ita ce ta fi komai tsada a makon. Ya ce matsalar ita ce ba a buga wannan gem a zaune. Sai a tsaye, a gaban akwati, mutum ya ji ƙarfensa ya faɗa ciki, sannan zuciya take sanin an biya. Na ce ai dama na karanta haka.

Na roƙo kwalin firji a shagon masu kayan wuta, na yanke masa taga daidai fuskar talabijin, na kifa shi a kanta. Na huda baki a gefe, na ɗaure gwangwanin madara ta ciki. Saura abin jefawa. Na tara murafan kwalbar lemo, na ce kowane ɗaya a wurina za a saya, shi ne ƙarfen. Ranar mutum huɗu suka buga, gwangwani ya yi ƙara sau huɗu, na koma gida ina tafiya kamar mai kamfani.

Da safe na tarar da mutum tara a ƙofa, kowa aljihunsa na kacau-kacau. An share layinmu tas, ko murfi ɗaya ba ka gani a kwata. Mai walda da leda ya zo. Na ce waɗannan ba nawa ba ne, suka ce in nuna bambancin. Na rufe shago na rabin awa, na shafa wa nawa jan farce ruwan hoda, na buɗe na sanar cewa mai alama kaɗai ke aiki. Na manta a wurin Anti Tela na sayi jan farcen. Kafin azahar ta sayar da kwalba shida, duk ga maza masu gemu, ta kuma aiko mini da godiya.

Da yamma Baba Mai Aski ya ce bari ya nuna wa yaran zamani yadda ake yi. Ya jefa murfinsa, ya ware ƙafafu, ya fara. Da dukan jikinsa yake bugawa, in mutumin ya yi hagu shi ma ya yi hagu. Da jemage ya taso masa sai hannunsa ya tuna zamanin da, ya kai wa gefen akwatin duka, ya jingina da ƙarfinsa. Ya manta wannan ba ƙarfe ba ne. Kwalin ya lanƙwashe, Baba ya bi shi, sai ƙafafunsa muke gani da silifas ɗaya. Gwangwani ya fashe, murafai suka watsu har titi. Mai walda ya ɗago shi da hannu ɗaya, ya tare talabijin da ɗayan.

A cikin wannan hayaniya na saci kallon tsallake. Mai agogo ya ɗago kai sau ɗaya, ya duba, ya mayar. Wata za ta ce bai damu ba. Ni na ce ya fara lura.

Saura kwana huɗu mijin yayata ya dawo. Na zauna ina bin duk rubutun da ke cikin gem ɗin, sai na ci karo da wani ƙarin da masu kamfanin suka yi wa 'yan zamani: in ka riƙe wani maɓalli na baya, lokaci yakan koma. Jemage ya buge ka, ka danna, sai ka ga ya ja da baya, kai kuma ka miƙe kamar ba a yi ba. Ba wanda ya san da shi a layin sai ni.

Safiya uku ina buɗe shago tun kafin masu shara su wuce, in ja ƙofa, in zauna. In mutu in mayar, in mutu in mayar, har babban yatsana ya yi kanta. A safiya ta uku na kunna fitila ɗari biyu da arba'in, na haye saman allon zakaru. Na'urar ta ba ni gurbin baƙi uku, na rubuta JRD. Wani ɗan kunkuru kore ya fito a gefen sunan, da wani siririn rubutu a ƙarƙashinsa. Ni da nake karanta har ranar lalacewar man goge baki, ban karanta wannan ba. Ina can ina kallon sunana.

Na rubuta sabon kwali: gasa ranar Asabar, kuɗin shiga ninki biyar, duk wanda ya wuce Jarida zai buga kyauta mako guda. Da aka tambaye ni dalilin ninki biyar na ce gem ɗin da ke da zakara a gida ba ɗaya yake da maraya ba. Na gaya wa Baba Mai Aski cewa hannu ba ya komai, karatu ne. Na gaya wa mai walda cewa na nazarci halayyar jemagu. Na gaya wa Anti Tela cewa wasu a kan keke aka haife su, wasu kuma a kan fasaha. Duk da ƙarfi nake faɗa, yadda zai tsallaka titi.

Ranar Asabar da la'asar shagon ya cika har bakin ƙofa. Na sa mayafina mai kyau, na tsaya gefen talabijin da hannu a harɗe. Baba Mai Aski, zakaran tashar mota, ya kunna fitila tara, ya ce hannun gem ɗin ne ya yi masa ƙanƙanta. Mai walda ya yi sha huɗu. Anti Tela ta cire tef daga wuya, ta zauna, ta yi talatin da ɗaya ba ta ko ƙifta ido ba, ta ce na'urar mijinta ba ado take yi a gida ba. Kowa ya faɗi sai in girgiza kai cikin tausayi, in ce a ƙara karatu.

Sai na ga mutanen bakin ƙofa suna darewa. Mai agogo ne. Ya rufe teburinsa, ya tsallako titi da ƙafarsa. Ya yi sallama, ya gaida manya, ya tsaya gaban allon zakaru yana kallo. Zuciyata ta yi ta bugawa har ina tsoron zai ji ya ce tana gudu da minti biyar.

"Malama, ke ce JRD?"

Na ce ni ce, cikin muryar da na tanada tun shekara biyu.

Ya ce abin ya burge shi. Sannan ya ciro ɗan madubinsa daga aljihu, ya maƙala a ido, ya matsa dab da talabijin, don shi duk abin da ya ƙanƙanta sai ya duba. Ya tambaye ni mene ne wannan kunkurun, tunda sauran sunayen ba su da shi.

Na ce lambar yabo ce ta masu natsuwa.

Ya gyaɗa kai da gaske, ya ce ashe haka, kuma akwai rubutu a ƙasa, sai dai shi harshen na'urar bai zauna masa sosai ba. Mai walda ya miƙo hannu ya danna kan kunkurun, don shi ba ya ganin maɓalli ya ƙyale. Rubutun ya buɗe ya cika fuskar talabijin.

"Yauwa," in ji Anti Tela. "Ga Jarida a kusa. Karanta mana yabon naki mu ji."

Na karanta a zuci tukuna. Ba wanda zai kama ni in na ƙirƙiro wani abu, don ni ce mai karatun layin. Amma abin da ban taɓa iyawa ba ke nan. Zan iya ƙarya a kan jemagu, zan iya a kan kaina, amma rubutu yana gabana in faɗi abin da bai ce ba, bakina ba ya juyuwa. Na fassara musu daidai, kalma bayan kalma: wannan maki an same shi ne ta hanyar mayar da lokaci baya, sau dubu ɗaya da ɗari uku da bakwai.

Baba Mai Aski ya ce in maimaita lambar, kunnensa ya tsufa. Na maimaita. Ya ce wato na mutu sau dubu da ɗari uku a shagon nan, shi yana maƙwabtaka bai zo ta'aziyya ba ko sau ɗaya.

Dariyar da aka yi har masu wucewa suka tsaya. Anti Tela ta ɗora mini hannun gem a tafin hannu, ta sa babban yatsanta ta toshe maɓallin baya, ta ce zakara ta ɗan taɓa musu na gaskiya. Rai na farko, jemage ya same ni kafin in ɗaga sanda. Na biyu, na tuƙa mutumin da baya ya faɗa rami. Na uku na ce bari in natsu in nazarci halayyarsu, na tsaya cik a ƙarƙashin fitilar farko, suka zo su biyu suka gama da ni. Ko fitila ɗaya ban kunna ba. Titin gem ɗin ya zauna cikin duhu kamar yadda na same shi.

Na mayar wa kowa kuɗin shigarsa, kaina a ƙasa. Mai walda ya ce a bar masa kwalin gasar zai rataye a shagonsa. Aka watse ana ta sai da safe Kunkuru, Allah ya ƙara natsuwa Kunkuru, sunan da har yau bai sake ni ba.

Na ɗauki tsintsiya don in sami inda zan sa idona. Da na kai benci na biyu sai na ga takalmi. Mai agogo bai tafi ba. Yana zaune yana juya madubinsa a hannu, ya ce in yi haƙuri, bai san abin da kunkurun zai ce ba ke nan. Na ce ba komai, ni ma ban sani ba, kuma ni ce mai karatu.

Ya kalli ɗan mutumin da sandarsa. Can ya ce shi ma ya san irin akwatunan nan, akwai ragowar guda a unguwarsu yana ƙarami. Bai taɓa bugawa ba. Ba ya samun ƙarfen, sai dai ya tsaya bayan masu shi yana leƙe ta ƙarƙashin hammatarsu, har ya haddace inda kowane jemage ke fitowa. Ya ce duk makon nan yana jin kiɗan daga tsallake, amma kullum ya ɗago kai sai ya ga farashin ya canza.

"Yau nawa ne, Malama?"

Na duba bango, babu kwali. Na ce masa gaskiya ban sani ba.

Ya karɓi hannun gem ɗin da yatsu biyu-biyu, kamar an ba shi agogon wani. Ya san inda jemagen farko zai fito, har ya nuna mini wurin da haɓarsa. Jemagen ya fito daidai nan, ya buge shi. Ya dubi mutuminsa a kwance, sannan ya dube ni.

"Wane ne maɓallin naki?"

Na ajiye tsintsiya, na zauna a ɗaya ƙarshen bencin, na miƙa hannu na danna masa. Jemagen ya ja da baya, mutumin ya miƙe. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa a wuri ɗaya.

"Kada ka damu," na ce masa. "Dubun farko ce mai wuya."